Ɗan jarida ya tsare minista da tambaya ɗaya: aikinsa ya yi ko rashin kunya?

Hajiya Mai Rediyo:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Ina sauraron hira da wani minista a gidan rediyon gwamnati, yaron da ke tambayar daga jin muryarsa bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya tambayi ministan ina aka kwana kan kuɗin wani aiki da aka ce an fitar. Ministan ya ɗauko tarihin jam'iyyarsu tun daga kafuwarta. Yaron ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin nake tambaya." Ministan ya koma kan gwamnatin da ta shuɗe. Yaron ya katse shi, ya maimaita. Sau huɗu na ƙirga. A na huɗun muryar ministan ta canza, ya ce shi fa ba a kotu yake ba. Ni dai na ji daɗi har raina. Maigidana kuwa ya ce wannan rashin tarbiyya ne, kuma a gidan da gwamnati ke biyan albashi ba a yi wa ministanta haka. Mun kwana ba mu daidaita ba. Ku da kuka san aikin, wa ke da gaskiya?

Baba Na-Gefe:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayan Alhaji. Baƙo aka gayyato, ba ɓarawo aka kamo ba. In babba na magana sai a bari ya dire. Yaran yanzu so suke a yanko minti ɗaya a watsa a Facebook a ce sun ƙure wane, shi ke nan sun yi suna.

Tsohon Edita:
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka na karɓa. Akwai masu neman suna, ba musu. Amma a yadda Hajiya ta ba da labari, yaron nan bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, har "ranka ya daɗe" ya ce. Abin da ya ƙi yi kawai shi ne ya yi kamar an ba shi amsa alhali ba a ba shi ba.

Abin da mutane ke mantawa, mai gabatarwa ba don kansa yake tambaya ba. Kujerar da yake kai ta mai sauraro ce, irin su Hajiya da ba za su taɓa samun minti biyar da minista ba. Shirin yana da minti ashirin, alal misali. Ɗan siyasa ya sani, an ma koya masa: in tambaya ta yi zafi, ɗauko dogon labari, cinye lokacin. Idan mai tambaya ya yi shiru don ladabi, an gama shiri ba a faɗi komai ba, wanda aka cuta shi ne mai sauraro. Katsewa a irin wannan wuri kare haƙƙin wani ne.

Shahararren misali shi ne na Ingila a watan Mayun 1997. Jeremy Paxman na BBC ya yi hira da Michael Howard, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar ministan cikin gida ba, yana kuma neman shugabancin jam'iyyarsa. Tambayar ita ce ko ya yi wa shugaban hukumar gidajen yari, Derek Lewis, barazanar soke hukuncinsa. Howard ya dinga kewaye-kewaye, Paxman ya dinga maimaita tambayar, har sau 12. Bai samu i ko a'a ba, amma duk mai kallo ya ga yadda aka guje wa tambayar, wannan ma labari ne. Abin dariyar, daga baya Paxman da kansa ya ce abin da zai biyo baya a shirin ne bai kammala ba, aka ce ya ja lokaci.

Baba Na-Gefe:
To ka gani! Ashe ma cike gurbi yake yi, ku kuma kuka mayar da shi gwarzo.

Tsohon Edita:
Haka ne Baba, ka ci wannan. Amma Howard ma da ya amsa tun farko, da ba mu san da labarin ba.

Injiniya Mai Gardama:
Ku dakata. Duk kun bar tushen maganar Alhaji. Ya ce gidan gwamnati ne. Ni a ganina kalmar nan ta "kafar jama'a" da ake kiran irin waɗannan gidaje da ita yaudara ce kawai. Babu wani gidan rediyo a duniya da gwamnati ke da hannu a kuɗinsa ko naɗin shugabanninsa da zai iya cizonta da gaske. BBC ɗin da kuke kafa hujja da ita, a 2004 bayan rahoton Hutton kan labarin makaman Iraƙi, shugaban hukumarta Gavyn Davies da babban daraktanta Greg Dyke duk sun sauka. A 2023 wani shugaban hukumar, Richard Sharp, ya yi murabus saboda bai bayyana rawar da ya taka ba wajen nema wa Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, lamunin bashi, alhali Johnson ɗin ne ya amince da naɗinsa. Ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Nasu sun fi iya ɓoyewa ne kawai.

Tsohon Edita:
Injiniya, na ma ƙara maka. Tun 1926, lokacin babban yajin aikin Birtaniya, John Reith da ke jagorantar BBC ya hana jagoran 'yan adawa Ramsay MacDonald magana a rediyo saboda gwamnati ba ta so. Amma a wannan lokacin ne kuma Churchill ya so a ƙwace gidan gaba ɗaya, ba a yi ba. Wato tun fil azal abin ja-in-ja ne.

Sai dai ka dubi misalinka da kyau. Sharp ya sauka ne bayan 'yan jarida sun tono, kuma labarin ya dinga fitowa a BBC ɗin kanta, wakilanta na yi wa shugabansu bin diddigi. Nuna mini gidan gwamnati a ƙasashenmu da zai buɗe labaran ƙarfe tara da abin kunyar shugaban hukumarsa. Bambancin ba wai can waliyyai ne ba. Tambayoyi uku ne: wa ke naɗa shugaba, wa zai iya korarsa gobe da safe, kuma ta wace hanya kuɗi ke shigowa. Idan amsar duka ukun "fadar gwamnati" ce, to gidan gwamnati ne, ko me aka rubuta a jikin ƙofa.

Mazaunin Jamus:
Bari in sa baki kan maganar kuɗin, tunda ina biya. A Jamus kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata don kafofin jama'a, wato ARD da ZDF da rediyon ƙasa, ko kana kallo ko ba ka kallo. Mutane na ƙorafi sosai, ni ma ina yi. Amma kuɗin ba ya bi ta baitulmalin gwamnati, kuma wani kwamiti ne mai zaman kansa ke tantance abin da gidajen ke buƙata. Shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya so kafa talabijin da gwamnatin tarayya za ta riƙe, a 1961 kotun tsarin mulki ta ce ba ta yarda ba. Sun ga abin da rediyo ya yi a hannun Goebbels, ministan farfagandar Hitler, shi ya sa suka raba ikon ga jihohi. A ƙarshen 2020 ma jiha ɗaya ta toshe ƙarin kuɗin, a 2021 kotun ta sake shiga ta ce ba a yin siyasa da shi.

Faransa kuwa ta soke irin wannan kuɗi a 2022. Amurka ta fi tsanani: a Yulin 2025 majalisa ta janye kusan dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke tallafa wa talabijin da rediyon jama'a, wato PBS da NPR, hukumar da aka kafa tun 1967. Ƙananan tashoshin karkara ne suka fi dogara da wannan kuɗi.

Injiniya Mai Gardama:
Madalla, kai ma ka tabbatar da maganata. Ranar da masu mulki suka ji haushi, famfon suke rufewa.

Mazaunin Jamus:
Inda famfon ke hannunsu, Yallabai. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗalibar Jarida:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji uku, kuma ina da tambaya da ta shafi wannan. A wurin da na yi aikin sanin makama, kafin kowace hira da babban mutum sai hadiminsa ya kira ya ce a turo tambayoyi. Kuma ana turawa. Malaminmu a makaranta ya ce haramun ne a aikin. Wanne zan ɗauka?

Tsohon Edita:
'Yata, raba abu biyu. Gaya wa baƙo fannin da za a tattauna ba laifi ba ne, adalci ne ma: "za mu yi magana kan kasafin ma'aikatarka da yajin aikin ma'aikata." Ya zo da alƙalumansa, ba ya da uzurin cewa bai shirya ba. Amma miƙa jerin tambayoyi kalma da kalma, da alƙawarin ba za a kauce musu ba, wannan ba hira ba ce, wasan kwaikwayo ne. Domin ran hira yana cikin tambaya ta biyu, wadda amsar farko ta haifa. Ita ce ba za a iya turawa ba.

In kuma an tilasta muku, an ce ba za a taɓa batu kaza ba ko a fasa, to ko dai ku fasa, ko ku gaya wa mai sauraro tun farkon shiri cewa baƙon ya ƙi a tambaye shi kan kaza. Ya san abin da yake ji.

Tsohuwar Wakiliya:
Edita, kana magana kamar mai albashi a kan lokaci. Bari in faɗi wadda ba a so a faɗa. Shekara tara na yi ina ɗauko rahoto a wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba. Akwai lokacin da muka yi wata biyar ba albashi. Katin shaidar aiki aka ba mu, a fakaice ana nufin ga gonarku nan. Ana gama taron manema labarai sai ka ga wani ya tsaya a bakin ƙofa da takarda, kowa ya rubuta sunansa da gidan da ya fito, a miƙo ambulan, a ce "kuɗin mota ne." Ranar farko na ƙi karɓa. Na fito na tarar ba ni da abin da zai mayar da ni ofis, wani abokin aiki ya biya mini daga cikin nasa ambulan ɗin, yana dariya. Ranar ta biyu na karɓa.

Abin da na lura da shi a kaina ya fi ba ni tsoro. Babu wanda ya taɓa ce mini "rubuta kaza." Ba a buƙata. Ina zaune ina rubuta labarin, sai in ga hannuna da kansa ya tsallake sakin layin da zai ɓata wa mai ambulan rai. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Don haka idan na ji ana koyar da ɗa'ar aiki ba a haɗa da maganar albashi ba, sai in ga rabin darasi ne.

Hajiya Mai Rediyo:
Allah sarki. Ƙanwata, na gode da wannan gaskiyar. Ashe haka abin yake.

Tsohon Edita:
Ba ni da ta cewa, Hajiya Wakiliya. Ni ma na zauna a kujerar da na san wakilaina na karɓa, na kawar da kai don ba ni da abin ba su. Laifi tudu ne. Amma kada yarinyar nan ta ɗauka talauci ne kaɗai ke kawo wannan. Masu ƙoshi ma na yi, nasu kwaɗayin na samun hirar ne. Martin Bashir na BBC ya samu hira da Gimbiya Diana a 1995, duniya ta yaba. Sai a 2021 binciken Lord Dyson ya tabbatar da cewa takardun banki na jabu ya nuna wa ƙaninta don ya samu shiga, kuma binciken cikin gida da BBC ta yi a 1996 rufa-rufa ne. Shekara 25 ana tafa wa abin da aka gina kan ƙarya. A hirarrakin da David Frost ya yi da tsohon shugaban Amurka Richard Nixon a 1977 kuma, dala 600,000 aka biya Nixon, har manyan tashoshin Amurka suka ƙi ɗauka don suna ganin sayen labari ne. Amma a cikin hirar ne Nixon ya furta cewa in shugaban ƙasa ne ya aikata abu to ba laifi ba ne a doka. Har yau ban gama yanke wa wannan hukunci a raina ba.

Malam Lauya:
Na daɗe ina karantawa, bari in kawo ɓangaren doka, domin maigidan Hajiya ya ce "gidan da gwamnati ke biyan albashi." A Najeriya dai, sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani. Bai ware na gwamnati ba. Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 95, ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. A takarda ke nan. A aikace kowa ya san yadda labaran gidan jiha ke kasancewa: gwamna ya ce, matar gwamna ta raba, mataimakin gwamna ya yaba wa gwamna.

Matsalar a tsarin take. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabannin NTA da Rediyon Tarayya, shi ke naɗa shugaban hukumar NBC mai sa ido, kuma lasisi ma sai da amincewarsa. A 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan shirin da ta yi game da 'yan bindiga. A Maris 2023 ta ci Channels tarar miliyan 5 kan hira da Datti Baba-Ahmed. A Mayun 2023 ɗin wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, tunda ba kotu ba ce. Ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, abin da kotun ta ƙi ke nan.

Kuma albashin nan da ake magana, daga aljihun wa ya fito? Harajin Hajiya ne da na Alhaji, har da na wanda bai zaɓi ministan ba.

Baba Na-Gefe:
Lauya, na ji. Amma kada ku mayar da kowace hukuma azzaluma. Mu da muka ga zamani mun san baki na ƙona gari. Kun manta Ruwanda? Rediyo ne ya dinga kiran sunayen mutane ana bi ana kashewa a 1994.

Malam Lauya:
Ba mu manta ba Baba, kuma kotun duniya ta hukunta Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan gidan na RTLM, a 2003. Amma lura, na 'yan kasuwa ne a suna, na kusa da masu mulki ne a zahiri. Ba tsananta wa gwamnati tambaya ya yi ba, aikinta ya yi. Ba wanda ya ce kada a yi doka kan tunzura jama'a. Cewa muke kada mai riƙe da sandar ya zama ɗan wasa a filin.

Injiniya Mai Gardama:
To ni ga tawa mafita: a sayar da gidajen gwamnati duka, a huta. Tun da aka buɗe ƙofa a 1992, Raypower ta fara a 1994, masu zaman kansu sun cika ko'ina. Me NTA ke yi da ba za su iya ba?

Tsohuwar Wakiliya:
Injiniya, ka taɓa duba su wa suka mallaki masu zaman kan nan? Da yawa 'yan siyasa ne ko abokansu. Sannan ka saurari shirye-shiryen siyasa na dare. Fili ake saya. Sojojin baka su zo da kuɗin ubangidansu, a ba su minti biyar su yi wa abokin hamayya wankin babban bargo, gobe na wancan ɓangaren su zo su rama. Mai gabatarwa ba ya tambayar kowa hujja, don ba ya so mai sayen fili ya koma gidan maƙwabta. Wannan ba aikin jarida ba ne, hayar lasifika ce. Mafi muni, ba kullum ake gaya wa mai sauraro cewa biya aka yi ba.

Kuma akwai abin da kasuwa ba za ta taɓa yi ba. Wa zai ɗauki nauyin shirin manoma a harshen da mutum dubu ɗari biyu kawai ke ji? Wa zai kafa eriya a inda babu mai talla? Shirin rigakafi, darasin yara, sanarwar ambaliya? Gidan jama'a don wannan aka yi shi. Gyara yake so, ba gwanjo ba.

Ɗalibar Jarida:
Anti, to tambayar 'yan bindiga da Lauya ya taɓo fa? Ya halatta a yi hira da su? Mun yi musu a aji har aka tashi ba a gama ba.

Tsohon Edita:
Ba za a gama ba, 'yata, mu ma ba mu gama ba. Birtaniya ta gwada hanawa: daga 1988 zuwa 1994 doka ta hana a sa muryar 'yan Sinn Féin, jam'iyyar da ke da alaƙa da mayaƙan IRA na Arewacin Ireland, a rediyo da talabijin. Sai gidajen suka dinga nuna shugabanta Gerry Adams yana magana, wani ɗan wasan kwaikwayo na karanta kalamansa da wata murya. Abin ya zama abin dariya, aka janye. A nawa ra'ayin, ba jin muryar mutum ne matsala ba, yadda aka ji ta ne. In ka miƙa masa makirufo ya yi barazana da alfahari ka watsa yadda yake, ka zama kakakinsa. In ka tsare shi da abin da ya aikata, ka kawo waɗanda ya zalunta, ka tantance iƙirarinsa, ka taimaki jama'a su gane abin da ke cin su. Kuma irin wannan ba a yin ta kai tsaye, sai an naɗa an zauna a kai.

Tunda na ambaci naɗa, ga wani ramin da ba a cika magana a kai ba: almakashi. Kowace hira da aka naɗa sai an rage ta, ba makawa. Amanar ita ce kada ma'ana ta canza. A Nuwamban 2025 babban daraktan BBC Tim Davie da shugabar sashen labarai Deborah Turness sun yi murabus saboda wani shiri ya haɗa gaɓoɓi biyu na jawabin Trump na 6 ga Janairun 2021, waɗanda ke da tazarar fiye da minti 50, suka fito kamar jimla ɗaya. Kowace kalma shi ya faɗe ta, amma jimlar ba tasa ba ce.

Mu masu aiki da Hausa muna da ƙarin namu, wato fassara. Mutum ya yi magana da wani harshe, kai za ka zaɓa masa kalma. "Ya ce" daban, "ya yi iƙirari" daban, "ya amsa cewa" daban, "ya fallasa" kuwa ka riga ka yanke hukunci. Na taɓa zama da wani matashi kan labari ɗaya, na gwamnati ya rubuta "ta bayyana," na 'yan adawa ya rubuta "sun yi zargi," alhali duka biyun babu wanda ya kawo hujja. Da na nuna masa sai ya yi shiru, ya rantse bai lura ba. Na yarda da shi. Haka ya taso yana ji.

Mazaunin Jamus:
Wannan ta fassara ta taɓa ni. BBC ta fara Hausa a 1957, DW a 1963, Muryar Amurka 1979, RFI 2007. Iyayenmu sun fi yarda da su a kan na gida. Ba don sun fi mu son mu ba, su ma kowanne da ƙasar da ke bayansa. Don dai a nan ake jin muryar ɗan adawa ne. Ai abin kunya ne a ce sai ka kamo tashar wata ƙasa ka ji me ke faruwa a taka. Kuma ita ma wannan tagar ana rufe ta: Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024.

Baba Na-Gefe:
Duk na ji, amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Akwai masu gabatarwa da ba amsa suke nema ba, faɗa suke nema. Tambayarsu ta fi amsar tsawo. Ba ka gama buɗe baki ba sun katse. In na ɓangarensu ne ya zo sai ka ji "Mai girma, faɗa wa jama'a irin nasarorin da ka samu." Wannan ma ai zalunci ne.

Tsohon Edita:
A nan kam Baba na miƙa wuya, gaskiyarka ce. Ma'aunin da nake ba yara shi ne: in ɗan ɗaya jam'iyyar ne a kujerar, da wannan muryar za ka tambaye shi? In a'a ne, gyara. Kuma hayaniya alamar rashin shiri ce galibi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Emily Maitlis ta yi hira da Yarima Andrew a Nuwamban 2019 kan alaƙarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka samu da laifin lalata da ƙaramar yarinya. Ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ranaku da wurare ta riƙe a ka, ta yi tambaya gajera, ta yi shiru ta bar shi ya yi ta bayani. Cikin kwanaki kaɗan ya ajiye ayyukan sarauta. Wanda ya karanta kasafin ma'aikata shafi-shafi ba ya buƙatar ihu, lambar shafin kawai zai faɗa.

Injiniya Mai Gardama:
Ni abin da nake so in sani, yaron nan na jiya, zai kai mako mai zuwa a shirin kuwa?

Tsohuwar Wakiliya:
Ba korarsa za a yi ba, ba a yin haka yanzu, ana gudun surutu. Takarda za ta fito a ce an yi garambawul, a mayar da shi sashen gaisuwa da zaɓen waƙoƙi, ko a tura shi ƙaro ilimi da bai nema ba. Sauran abokan aikinsa su gani, kowa ya shiga taitayinsa. A Afirka ta Kudu a 2016 kafar jama'a ta ƙasar, SABC, ta kori 'yan jaridarta da suka ƙi yarda da umarnin daina nuna hotunan zanga-zangar da ake ƙone-ƙone, kotu ta ce a mayar da huɗu daga cikinsu, daga baya aka mayar da mafi yawansu. Amma kafin nan sai da jama'a suka tsaya musu.

Hajiya Mai Rediyo:
To ni me zan iya yi daga ɗakina?

Tsohuwar Wakiliya:
Yaya, ki kira su ko ki tura saƙo, ki ce kin ji shirin kuma kin gamsu, ki faɗi ranar da sunan shirin. Masu jin haushi ba sa gajiya da kira, masu jin daɗi ne ba a ji daga gare su. Na sha ganin manaja ya fito da irin waɗannan saƙonni a taro don ya kare ma'aikacinsa, domin shi ma yana neman abin da zai nuna wa na sama.

Hajiya Mai Rediyo:
Zan tura yau in sha Allahu. Na karanta wa Alhaji duk abin da kuka rubuta. Ya ce a gaida Baba Na-Gefe, shi kaɗai ne mai hankali a cikinku. Amma da zai fita ya juyo ya tambaye ni, wai shin a ƙarshe ministan ya faɗi inda kuɗin suke kuwa?

Baba Na-Gefe:
Ina amsawa. To ya faɗa?

Hajiya Mai Rediyo:
Bai faɗa ba Baba. Ya ce zai turo takardun ofishinsu. Yaron ya ce za su karanta su a shirin Alhamis in sun iso.